BAYANI A KAN ƘIMAR TSOHUWAR A-KORI-KURA GA MAI NUFIN SAYE

Maganarmu ta yau a kan motar nan ce da ake kira a-kori-kura, watau ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, wadda ta gaji jaki da raƙumi a wajen fatauci. Ita ce ke ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye ta kawo Dawanau, ita ke kai taki gona in damina ta kusa, ita ce kuma ke kwaso dawa da itace zuwa tsangaya bayan kaka. Sabuwarta ta fi ƙarfin galibin mutane, saboda haka tsohuwa ake nema, ko wadda aka gama mora a ƙasashen waje aka lodo mana ita a jirgin ruwa, ko wadda ta sha hanya a nan gida. Mutum ya tara jarin shekara goma, wani ya sayar da shanu ko gonar gado, wani ma kuɗin marayu ne ko na jama'a aka ba shi amana, sa'an nan ya tafi ya miƙa su duka a wuni ɗaya. Idan ya dace ya sami abin sana'a. Idan bai dace ba ya sayo wa kansa majinyaci wanda zai riƙa jinya a garejin makanike har jarin ya ƙare.

Ka sani, ya kai mai karatu, malaman fiƙihu sun rarrabe tsakanin abu biyu waɗanda 'yan kasuwa kan haɗa su wuri ɗaya, su ne samani da ƙima. Samani shi ne kuɗin da mai saye da mai sayarwa suka yi yarjejeniya a kai, ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ƙima kuwa ita ce abin da masana kasuwa za su yanka wa kaya in an kawo musu, ba tare da duban wanda ke saye ko wanda ke sayarwa ba. Shari'a ba ta yanka wa mota kuɗi ba, gama ko a Madina da kaya suka yi tsada aka nemi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yanka farashi, bai yanka ba. Ashe nauyin yana wuyan mai saye, ya san ƙima tun bai buɗe baki ya taya ba. Ƙimar tsohuwar mota kuwa tana rataye ne da sauran aikin da ya rage a jikinta. Fentinta da kujerunta da rediyonta na ido ne, amma abin da za ka biya kuɗi dominsa shi ne yawan sawun da za ta iya yi da kaya kafin a sauke mata inji ko ƙashin bayanta ya karye.

Farkon aiki shi ne sanin kuɗin irinta. Motocin nan ba ɗaya suke ba a idon kasuwa. Dattawa sun san Fijo 404 da 504, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe ma'aikatar Peugeot a 1975, har yanzu kuwa akwai sauransu suna jigila a kasuwannin ƙauye, amma zamaninsu ya wuce. Wadda ta ci kasuwa bayansu ita ce Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan tun 1968, sa'an nan Mitsubishi L200 da Nissan da Isuzu da Ford, da kuma Tacoma wadda ake kawowa daga Amurka. Hilux ta fi sauran tsada ko da shekarunsu ɗaya, wannan tsada kuwa tana da dalili. Kayan gyaranta suna nan jibge a Ƙofar Ruwa ta Kano da Fanteka ta Kaduna, makaniken ƙauye ya san cikinta kamar yunwar cikinsa, ranar da ka gaji da ita kuma ba ka rasa mai saye. Wata motar da za ka samu da rahusa, in wani ɗan ƙarfe ya lalace a jikinta sai ta yi wata guda a kan dutse ana jiran saƙo daga Ikko. To, wannan wata gudan da ta yi ba aiki, shi ma cikin kuɗinta yake.

Idan ka tsai da shawara a kan iri, sai ka nemi labarin huɗu ko biyar masu kama da ita a shekara da inji da yawan ƙofa, waɗanda aka sayar kwanan nan. Lura, waɗanda aka sayar muka ce, gama kuɗin da aka ambata a bakin kasuwa dabam, wanda ciniki ya faɗa a kai dabam. Mai mota yana iya kiran abin da ya ga dama, motar ta yi wata shida tana shan rana ba wanda ya taya. Wurin samun wannan labari shi ne bakin direbobin tasha da makanikai da fataken da suka saya, ba bakin wanda ke son ya sayar maka ba. Kada kuma ka riƙe farashin bara ka je da shi kasuwar bana. Motocin nan da kayan gyaransu da dala ake sayo su. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya a hannun gwamnati tana wajen naira 460, amma a farkon 2024 ta haura naira 1,500, sai kuɗin kowace mota ya bi ta, har da wadda ta shekara goma a gida ba ta ga tashar jirgin ruwa ba. Mutane da yawa sun zargi masu motoci da zari a lokacin nan, alhali kuwa mai mota yana duban abin da zai biya ne in ya tashi maye gurbinta.

Bayan wannan sai tabbatar da shekarar motar, a nan kuwa algus ya yi yawa. Akwai masu sana'ar sauya wa mota fuska, su ɗauki Hilux ƙirar 2008 su cire fitilu da bamba da gaban motar, su ɗora na ƙirar da ta fito daga 2015, su fesa fenti, sai ka rantse jiya ta fito. Tsohuwa ce aka yi wa kitso da lalle. Abin da ba ya sauyuwa da sauƙi shi ne lambar shasi, watau lambar da aka buga a jikin ƙarfen gindin mota. Tun 1981 aka daidaita ta a kan harufa da alƙaluma 17, ba a kuwa sa harufan boko I da O da Q a cikinta, don kada su rikice da 1 da 0, saboda haka in ka ga ɗayansu ka san hannu ya taɓa. A motocin da aka ƙera domin Amurka, irin su Tacoma, gurbi na goma shi ke faɗin shekara: 5 tana nufin 2005, 9 tana nufin 2009, A tana nufin 2010, B 2011, haka har gaba. Hilux ba ta bin wannan ƙa'ida a kullum, don haka sai a sa wanda ya iya ya bincika lambar a intanet, a kuma duba 'yar takardar da aka ɗinka a gindin bel ɗin kujera, wadda galibi ke ɗauke da shekarar da aka yi shi. Lambar da ke jikin ƙarfe da wadda ke jikin ƙofa da wadda ke cikin takarda, lalle ne su zama ɗaya harafi da harafi. Motocin Amurka suna da wata fa'ida kuma, da wannan lamba ana iya gano ko an taɓa yin gwanjonsu bayan haɗari, wani lokaci har da hoton yadda suke a ranar gwanjon.

Agogon da ke ƙirga nisan tafiya shi ne shaidan da aka fi saye. Yaro mai kwamfuta yana iya mayar da kilomita 400,000 ta koma 90,000 kafin ka gama shan shayi. Malamai sun san 'yar'uwar wannan mas'ala a babin ciniki, ita ce tasriya, inda mutum kan bar akuya ko raƙuma kwana biyu ba tatsa don hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Shari'a ta hana wannan, ta kuma ba wanda aka ruɗa zaɓin mayarwa. Mai juya agogon mota da mai ɗaure hantsa sana'arsu ɗaya. Maganin abin shi ne ka nemi shaidun da ba a saye: robar da ke kan takalmin birki da na kuloci, santsin sitiyari inda hannu ke kamawa, lotsawar kujerar direba, da sakin ƙofarsa. Motar da aka ce ba ta kai kilomita 100,000 ba, amma robar birkinta ta cinye har ƙarfe ya bayyana, ɗayan biyun yana ƙarya, roba kuwa ba ta iya ƙarya ba. A tuna kuma agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa, mil ɗaya kuwa kilomita ɗaya ne da kashi 6 cikin 10, watau mil 150,000 ta kai kilomita 240,000.

Yanzu mun zo kan abin da ya fi kome, shi ne shasi. Duk abin da ke jikin a-kori-kura ana iya sauya shi da kuɗi, inji da giya da bodi, amma shasi shi ne motar kanta. Mai saye ya ajiye babbar rigarsa, ya shimfiɗa buhu, ya shiga ƙarƙashi da tocila, ko a ɗora ta a kan ramin wanki ya bi ta daga gaba har baya. Girman kai a wannan wuri yana da tsada ƙwarai. An ƙera waɗannan motoci ne su ɗauki wajen tan ɗaya, watau buhu 10 na masara mai kilo 100, amma kowa ya san abin da ake yi musu a hanyar kasuwa: buhu 20 ko fiye, da mutane a bisa, da awaki a gefe. Alamar wannan wahala tana bayyana a wurin da ɗakin direba ya haɗu da bodin kaya, nan ne shasi kan tsage a yi masa walda a shafe da baƙin fenti. Duba ko akwai facin ƙarfe, duba ko an ƙara ganyen sifirin fiye da yadda ta fito da shi, gama ba a ƙara sifirin sai don lodin da ya wuce ƙa'ida. Ka ja da baya ka tsaya nesa ka dube ta a shimfiɗaɗɗen wuri, in tsakanin ɗaki da bodi ya buɗe a sama ko ya matse, bayanta ya lanƙwashe ke nan. Sabon baƙin fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne, don ba mai yi wa ƙarƙashin mota ado sai mai abin ɓoyewa.

Ta ƙasar waje tana da nata ciwon. A arewacin Amurka da Kanada gishiri ake zubawa a kan titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfe daga ciki, sai ka ga bodi yana walƙiya amma shasi yana ɓarewa kamar ɓawon itace in ka ƙwanƙwasa da guduma. Abin ya kai har a 2016 kamfanin Toyota ya yarda da sulhu a kotun Amurka a kan tsatsar shasin Tacoma ƙirar 2005 zuwa 2010 da wasu motocinsa, mai sayen Tacoma ta waɗannan shekaru sai ya ninka lura. Akwai kuma waɗanda ambaliya ta shanye, kamar dubban motocin da ruwa ya ci a birnin Houston a 2017. Irin waɗannan akan wanke su a busar a tura ƙasashenmu. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina, duba ƙusoshin gindin kujera ko sun yi tsatsa, sa yatsa a lungun da mai wanki ba ya kaiwa ka ga ko akwai busasshen laka. Motar da ta sha ruwa wayoyinta ba su sake yin lafiya, yau fitila gobe kwamfutar inji. Haka kuma wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, don tun 1972 Nijeriya ta koma bin hannun dama, ƙimarta tana ƙasa da wadda ta fito da shi a hagu, kome kyan aikin. Game da haɗari kuwa, ɗan maganaɗisu ya isa: bi jikin bodi da shi, inda ya ƙi kamawa an cike wurin da ƙullun masu gyaran bodi.

Inji da sassafe ake dubansa, tun bai yi zafi ba. Ka yi alkawari da mai mota kada a tayar kafin ka zo, in ka iso ka ɗora hannu a kansa, idan ka ji ɗumi an riga ka, ka ce gobe ka dawo. Lafiyayyen inji yana tashi bugu ɗaya. Sa'an nan ka koma baya ka dubi hayaƙin salansa. Shuɗi yana nufin inji na cin baƙin mai, ringi sun gaji. Fari mai kauri wanda bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi yana nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba. Baƙi a motar gas yana nuna nozul ko matatar iska. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar madarar shayi a jikinsa, ruwa da mai sun haɗu, gyaran kuwa ba ƙarami ba ne. Bar murfin a sake a bakinsa inji na aiki, idan yana tsalle hayaƙi na bugo shi, ƙarfin injin ya fara zurarewa. Kada ka yarda da gwajin zagaya unguwa ba kaya. A ɗora mata buhuna, a hau tudu da ita, a shiga hanya mai gargada, a sa kowace giya har da ta baya da ta ja da ƙafa huɗu in tana da ita, a kuma zuba wa allurar zafi ido. Makaniken da zai raka ka ya zama naka, kai ka biya shi, kada ya zama na bakin kasuwar da ake sayar da motar. Tayoyi suna ɗauke da ranar haihuwarsu, alƙaluma huɗu a gefe, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, watau 2319 tana nufin mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya ko zanenta bai cinye ba kwalta mai zafi tana fasa ta.

Maganar fetur ko gas, watau dizal, kowa ya duba hanyarsa. Tun da aka janye tallafin fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 shan mai ya shiga lissafin ƙimar mota sosai. Injin gas ya fi jan kaya da tsimin mai, amma na zamani ba ya haƙuri da gurɓataccen man bakin hanya, nozul ɗinsa kuwa tsada gare su.

Takardu su ma ɓangare ne na ƙima. Motar da ba a biya mata kuɗin kwastan ba, ko aka biya rabi, bashi ne ke binta, wanda ta kwana a hannunsa shi zai biya, ko a ƙwace ta a hanya da kayan mutane a ciki. Wannan ya ƙaru tun da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017, motocin Kwatano da yawa suka riƙa shigowa ta ɓarauniyar hanya da takardun jabu. A kai takardar ofishin kwastan a tabbatar kafin a biya. Wadda ta fi wannan muni ita ce ta sata, gama Hilux tana cikin motocin da ɓarayi ke so. Hukuncin istihƙaƙi sananne ne: ranar da mai ita ya zo da hujja zai karɓi abinsa, kai kuma a ce ka bi wanda ya sayar maka, in ka same shi. Arahar da ta wuce hankali ita ce babbar alamar wannan.

To, in an gama duk wannan sai hisabi, mu kawo misali da lambobin da muka ƙaddara don sauƙin lissafi. A ƙaddara irinta mai lafiya ta faɗi a kan naira miliyan 20. Makanikenka ya ce tana son taya huɗu da kuloci da batir da gyaran ƙafafu, ya ƙiyasta miliyan 2. Ka ƙara rabin miliyan saboda kwanakin da za ta yi a gareji da abin da zai ɓullo in an kwance. Ƙimarta ta zama miliyan 17 da rabi, daga nan ba ka haurawa, tayinka kuwa ya fara daga ƙasa da haka. Aibin shasi da na ruwa da na takarda ba a sa su a wannan lissafi, su barin motar ake yi. Sa'an nan ka yi lissafi na biyu wanda fatake suka fi malamai iyawa. A ƙaddara tana sawu 3 a mako, kowane sawu ya bar maka naira 40,000 bayan mai da direba da yaron mota da abin da hanya ke ci. In ta yi aiki mako 40 a shekara ta kawo miliyan 4 da dubu 800, watau sai ta haura shekara uku da rabi kafin ta mayar da kuɗinta. Tambayi kanka ko injin da ka saurara da shasin da ka gani za su kai wannan lokaci. Wani in ya yi wannan hisabi sai ya ga shatar mota ta fi masa saye.

Dillali yana da haƙƙin la'adarsa, sana'a ce halattacciya, da yawansu kuma mutanen kirki ne. Amma a faɗi la'adar a fili tun farko, ka kuma nemi a haɗa ka da mai motar baki da baki, don tsakanin abin da mai mota ya ce da abin da ya iso kunnenka wani lokaci akwai bakin mutum huɗu, kowa ya ɗora nasa. Ka yi hattara da baƙon da zai ɓullo kuna tsakiyar ciniki ya taya sama da kai yana latsa waya kamar mai shirin biya. In ba saye zai yi ba wannan shi ne najashi, haramun ne, a mazhabar Malik kuwa in da sanin mai kaya aka yi, mai saye yana da zaɓin warwarewa. Sai kuma rantsuwar nan ta kullum, wallahi kaza na saye ta, ɗora mini kaza. Mai faɗin haka ya fitar da cinikin daga taye da albarka ya shigar da shi babin murabaha, wanda aka gina a kan amana, in ta bayyana ƙarya ya yi sai ya sauke ƙarin da ribarsa ko ciniki ya warware. Mu dai shawararmu, kada ka gina tayinka a kan abin da ya ce ya saya. Ko gaskiya ya faɗa, tsadar da ya saya ba ta ƙara wa motar lafiya. Adalci kuma ta fuska biyu yake: in ka iske mutum cikin matsi, rashin lafiya ko bashi ya sa shi sayarwa, kushe motarsa da aibin da ba ta da shi don ka karya ta, shi ma algus ne.

Mutane da yawa suna zaton in an yi musu tsada alƙali zai warware. Abin ba haka yake da sauƙi ba. Mashhurin mazhaba, kamar yadda yake a Muhtasar na Halilu, ba a mayar da kaya saboda gabanu, watau tsadar da ta wuce ƙima, sai fa in mai saye ya sallama wa mai sayarwa ya gaya masa bai san kasuwa ba, ya ce sayar mini yadda kake sayar wa mutane. Ibnu Asim a Tuhfa ya buɗe ƙofar da sharaɗi uku: mai ƙara ya zama jahilin farashi, gabanun ya kai sulusi ko fiye, kada kuma shekara ta wuce. Ka ga wanda aka ɗora wa miliyan 3 a kan motar miliyan 17 bai kai sulusi ba, sai haƙuri. Aibi kuwa hukuncinsa dabam. Tsohon aibi ɓoyayye wanda ke rage ƙima, in motar tana nan yadda ka karɓe ta, kana da zaɓi ka mayar ka karɓi kuɗinka ko ka riƙe haka nan. In ta halaka a hannunka sa'an nan aibin ya tabbata, sai arshi, ga yadda ake fitar da shi: masana su ƙimanta ta lafiyayya miliyan 20, da aibinta miliyan 16, bambanci humusi ke nan, in ka biya miliyan 18 a mayar maka da humusinsu, miliyan 3 da dubu 600. Amma aibin da ke fili wanda ido ke gani, ko wanda ka gano ka ci gaba da lodi da ita kana shiru, ka yarda ke nan. Kalmar nan ta masu mota, yadda ka gan ta haka na sayar, ba ta kuɓutar da mutum daga aibin da ya sani ya ɓoye.

Saboda haka abin da ya fi shi ne a sa sharaɗin zaɓi tun a wurin ciniki. Malamai sun ba dabba kamar kwana uku na zaɓi, a-kori-kura kuwa magajiyarta ce, nemi kwana biyu ko uku ka kai ta inda ka yarda da shi. Mai mota da ya san lafiyar abinsa ba ya ƙin wannan. Kuɗin kafin alƙalami da ake bayarwa a kan in ka fasa sun zama nasa, Imamu Malik bai halatta shi ba, sai a rubuta cewa in ciniki bai faɗa ba a mayar maka da abinka. Ranar biya a rubuta takarda a gaban shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a la'ada, a sa sunan mai sayarwa da inda yake zaune, da lambar shasi da ta inji, da abin da agogo ya nuna, da shekarar da ya ce an ƙera ta, da aibobin da ya ambata ɗaya bayan ɗaya, da kwanakin zaɓi. Lambar shasin nan kuwa a karanto ta daga jikin ƙarfe mai rubutu yana rubutawa, kada a kwafo ta daga takardar da mai mota ya miƙo.